Karon Taaffe da Stovall: fashi aka yi wa Arizona State ko dokar ce ta rikice?

Bala_Columbus: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da shiga 2025. Waɗanda suka kalli wasan ƙwallon Amurka na kofin ƙasa tsakanin jami'o'in Texas da Arizona State jiya a Atlanta ku matso kusa, don ni har yanzu abin yana cina. An yi kunnen doki 24 da 24, saura minti ɗaya da 'yan kai a tashi. Arizona State na kan damarsu ta uku cikin huɗun da doka ta bayar, suna neman ci gaba da yadi 15 kafin a ba su sababbi. Sam Leavitt ya jefa wa Melquan Stovall, yana cafewa Michael Taaffe, mai tsaron Texas, ya taho ya haɗa masa hula da hula, yaron ya zube ya kasa tashi nan take. Alƙalai ba su jefa ƙyallen nuna laifi ba. Aka tsayar da wasa aka duba bidiyo, sai ga alƙali ya ce babu tagetin, wato laifin kai wa ɗan wasa hari da hula ko a ka da wuya. Da an kama laifin, yadi 15 ne da sabbin damammaki huɗu a ɓangaren filin Texas, kusa da inda za a iya buga maki uku a tashi. Maimakon haka suka buga ƙwallon gaba, aka je ƙarin lokaci har sau biyu, Texas ta ci 39 da 31. Tambayata: in wannan ba tagetin ba ne, wanne ne? Ni na ce fashi ne da rana tsaka.

Dan_Fagge: Wa alaikumus salam. Mu da muke kallo daga Kano sai wajen 11 na dare aka tashi. Na ga an maimaita karon ta kowace kusurwa, amma gaskiya ban gane abin da ake nema ba. Ai duk wasan karo ne daga farko har ƙarshe. Wani ya yi mana bayani a hankali.

Rafali_Houston: Dan_Fagge, bari in gwada. Ina busa wasannin 'yan sakandare a nan Texas, kuma jihar nan da littafin dokokin NCAA take amfani, wato na jami'o'i, da 'yan gyare-gyare. Laifin kashi biyu ne. Na farko, ka sunkuyar da kai ka soki mutum da tsakiyar hular kwanonka, ko a ina ka same shi, ko wane ne shi. Na biyu, ka kai wa wanda ba ya iya kare kansa mugun duka a ka ko a wuya, da hula ne ko kafaɗa ko gwiwar hannu. Mai cafe ƙwallo da bai gama tsayuwa da ƙafafunsa ba yana cikin waɗanda ba sa iya kare kansu, haka kwatabak, wato mai jagorantar hari yana jefa ƙwallo, da ya riga ya jefa, haka wanda ya zame ƙasa da kansa. Amma haɗuwar huluna kaɗai ba ta isa ba. Sai an ga alama: ko ya yi tsalle ya bar ƙasa ya nufi sama, ko ya duƙa ya taso da ƙarfi, ko ya sa kai ko kafaɗa a gaba da nufin kai hari, ko ya sunkuyar da kai kafin karon. Hukunci yadi 15 da kora. A dokar kakar 2024, in a rabin wasa na biyu aka kore ka, rabin farko na wasan gaba ma ba za ka buga ba.

A na jiya, Stovall ba ya iya kare kansa, wannan ba gardama. An taɓa kai, wannan ma ba gardama. Inda aka rabu shi ne alamar. Taaffe bai bar ƙasa ba, kansa a ɗage yake, da fuskar hular ya same shi ba da tsakiyarta ba. Ina jin a nan masu bidiyo suka fake. Da ni ne a fili zan jefa ƙyallen, don littafin ya ce in ana kokwanto to laifi ne.

Ummi_Austin: Na gode Malam Rafali. Yaya Bala, ka ji dai. Kansa a ɗage yake. So kake ya tsaya ya yi masa sallama kafin ya kama shi? Ƙwallon ma an ɗan taɓa ta a hanya, lokacin isowarta ya sauya, shi kuma ya riga ya taho a guje.

Bala_Columbus: Ummi ƙanwata, ke ɗalibar Texas ce, ba a sa ki shaida a wannan shari'ar. Kuma ki karanta ƙarshen maganar Malam, cewa ya yi da shi ne zai jefa.

Rafali_Houston: Zan jefa, amma ban ce za ta tsaya ba. Nan ne dokar take cin karo da kanta. Alƙalin fili an ce masa in yana shakka ya kama. Na ɗakin bidiyo kuma tun 2019 an ce masa sai ya tabbatar da kowane sharaɗi ɗaya bayan ɗaya, in ɗaya ya yi rauni ya soke. Kafin nan yana iya cewa hukuncin fili ya tsaya tunda ba a ga hujjar sauya shi ba, yanzu an cire wannan a kan tagetin. To mutum biyu, karo ɗaya, umarni biyu masu kishiyantar juna.

Sani_Atlanta: Ni ina kan titi jiya ina jigila. Na ɗauki wasu su huɗu daga kusa da filin Mercedes-Benz, wani dattijo da 'ya'yansa, duk sun sha ja da ruwan ɗorawa na Arizona State. Dattijon ya riƙe wayarsa yana ta mayar da bidiyon baya da babban yatsa, ya kai daidai inda kan Stovall ya yi baya sai ya tsayar, ya miƙo min ta tsakanin kujeru wai in gani. Na ce masa ina tuƙi. Har muka isa masaukinsu ba wanda ya ambaci Taaffe da mugun suna, duk fushinsu a kan Shamari Simmons yake. Ɗan wasansu ne, an kore shi da tagetin a wasan ƙarshe na rukunin jami'o'in Big 12 da Iowa State, saboda haka jiya bai buga rabin farko ba. Abin da ke ƙona musu rai ke nan: namu ya zauna a benci, nasu ko ƙyalle ba a jefa masa ba.

Bala_Columbus: Yawwa Sani, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Mudun saye daban, mudun sayarwa daban. Ku bari in ba ku namu na Ohio State. Disamba 2019, Fiesta Bowl, muna cin Clemson 16 da nema. Shaun Wade namu ya kama Trevor Lawrence, kwatabak ɗin Clemson, Lawrence ɗin ne ma ya duƙa lokacin da ya ga an taho. Ba a jefa ƙyalle a fili ba, daga ɗakin bidiyo aka kira, aka kori Wade. Daga nan wasa ya juya, aka ci mu 29 da 23. A wasan dai Jeff Okudah ya fizge ƙwallo daga hannun Justyn Ross bayan ya yi taku da ita, Jordan Fuller ya ɗauka ya kai gida, bidiyo ya ce wai Ross bai gama cafewa ba. Sai daren 31 ga Disamba 2022, a wannan filin na Atlanta, Javon Bullard na Georgia ya yi wa Marvin Harrison Jr. namu dukan da ya fitar da shi daga wasan gaba ɗaya. An jefa ƙyalle, bidiyo ya soke. Aka ci mu 42 da 41. In mu muka yi karo, kora. In mu aka yi wa, babu komai.

Baba_Zango_Bronx: Bala ɗana, kai ne yau kake kukan alƙalai? Ɗan Ohio State? Lallai duniya. Ina zaune a ƙasar nan ranar 3 ga Janairu 2003, ina kallon Miami da Ohio State a Tempe. Miami ta yi wasa 34 a jere ba a ci ta ba. Ƙarin lokaci na farko, muna gaba 24 da 17, damarku ta huɗu, Craig Krenzel ya jefa wa Chris Gamble, ƙwallo ta faɗi ƙasa. An harba wutar murna sama, yaran Miami sun cika fili suna jifa da huluna. Sai can bayan 'yan daƙiƙoƙi alƙali Terry Porter ya tuna yana da ƙyalle a aljihu, ya ce Glenn Sharpe na Miami ya tare Gamble kafin ƙwallo ta iso. Aka kori kowa daga fili aka ci gaba, kuka ci 31 da 24. Kofin da kuke taƙama da shi ke nan. Shekara 22 gobe-goben nan, ban yafe ba.

Bala_Columbus: Allah ya ja kwana Baba. Amma Sharpe ya riƙe rigarsa tun daga layi, hotuna suna nan. Kuma kafin a je ƙarin lokacin ma an riƙe Gamble ɗin a wata dama ta uku ba a busa ba, da an busa da mun cinye agogo an tashi.

Baba_Zango_Bronx: In ya riƙe shi a layi, sai a kira riƙo a lokacin da aka yi shi. Ba a jira a ga wanda ya ci sannan a laluba aljihu.

Dan_Damagaram: Ni fa tambaya gare ni. Mu a nan ƙwallon ƙafa muka sani. Idan an kori mutum a wannan wasan naku, ƙungiyarsa za ta ci gaba da mutum goma ne? Don na tuna Sani Kaita a 2010 da Girka, Najeriya tana gaba da ci ɗaya, ya ɗaga wa Torosidis ƙafa a bakin layi, jan kati a minti na 33, aka ƙare 2 da 1.

Rafali_Houston: A'a, ana sa wani a madadinsa, 11 da 11 za a ci gaba. Amma kar ka raina. Mai tsaron baya irin Wade shi aka gina tsarin mako guda a kansa, wanda zai shigo sau da yawa yaro ne da bai saba ba, kuma kwatabak mai wayo nan take zai fara jefawa ɓangarensa. Bambancin da ya fi damuna da ƙwallon ƙafa shi ne babu katin gargaɗi. Ko dai babu laifi sam, ko kuma kora. Wanda ya yi tsalle da gangan ya nufi haƙoran mutum da wanda abokin karawarsa ya duƙa a daƙiƙar ƙarshe, hukuncinsu ɗaya. Ƙungiyar kociyoyin jami'o'i ta nemi a raba shi mataki biyu a 2019, ƙarami yadi 15 kawai, babba da kora, ba a karɓa ba. Ni a ganina wannan ne ya sa alƙalai suke jin nauyin kamawa a minti na ƙarshe. Da akwai ƙaramin mataki, da na jiya an ba da yadi 15 kowa ya kama gabansa.

Ummi_Austin: To ai yadi 15 ɗin ne rigimar, Malam, ba korar ba. Ko an ba su ma wa ya ce za su ci bugun? Masu bugun Arizona State sun sha kunya a kakar nan, har kocinsu Kenny Dillingham ya taɓa cewa zai buɗe gwaji ga ɗaliban makaranta ko za a samu mai iya bugawa. Kuma a ƙarin lokaci na farko suna gaba, mu muna dama ta huɗu da yadi 13. Su tare mu sau ɗaya kawai su tafi gida da nasara. Suka turo kowa kan kwatabak ɗinmu Quinn Ewers, ya jefa wa Matthew Golden ta bayansu. Alƙali ne ya ce su bar bayansu a buɗe?

Sani_Atlanta: Ummi, ku ma naku mai bugun, Bert Auburn, sau biyu ya zubar a zangon ƙarshe, na biyun ƙarfe ya daka. Kar ki yi wa kowa gorin bugu.

Kabiru_Zoo_Road: 'Yan Texas su yi shiru a maganar alƙalai don Allah. Ba ku ba ne a watan Oktoba da Georgia? An kama ɗan wasanku Jahdae Barron da laifin tare mai cafka bayan ya ƙwace ƙwallo, ɗalibai suka yi ta ruwan gorunan ruwa cikin fili, aka tsaya share fili, kafin a gama alƙalai sun haɗa kai sun ce babu laifi. Irin wannan laifin ma doka ba ta yarda a duba shi a bidiyo ba, amma ga babban allon fili yana ta maimaitawa a kansu. Rukuninsu na SEC ya ci makarantar tarar dala 250,000. Mu nan in 'yan kallo suka yi jifa a wasan lig, a rufe fili za a yi ko a kai ku wani gari ku buga. Can kuwa sai aka ba su abin da suke so.

Ummi_Austin: Jifan bai dace ba, ina cikin filin ranar kuma ban jefa komai ba. Amma hukuncin farkon kuskure ne, Barron bai yi laifi ba, mai cafkar ne ya ture shi. Kuma duk da haka Georgia ce ta ci 30 da 15.

Kabiru_Zoo_Road: Ba a ce hukuncin ƙarshe ba daidai ba ne. Hanyar da aka bi aka kai gare shi ce matsalar. An koya wa kowane fili cewa gora tana aiki.

Maman_Khalifa: Sallama gare ku. Tun ɗazu nake karantawa, kowa yana lissafin yadi da kofi, ba wanda ya tambayi yaron da ya kwanta a ƙasa. Ɗana yana buga wasan nan a sakandare, bana ya samu bugu a ka. Ba ma wani karo mai ƙara ba ne, na ga dai ya tashi ya nufi bencin abokan hamayya yana tsammani nasu ne. Kwanaki yana ɗaki labule a sauke, ba waya, ba talabijin, in na buɗe firij hasken ciki ma sai ya kau da kai. Yana tambayata abu, in ba shi amsa, can anjima ya sake tambaya. Ya warke alhamdu lillahi, amma ni tun daga nan duk wanda ya ce dokar nan ta lalata wasa ba na ko sauraronsa. Ku tuna Eric LeGrand na Rutgers a 2010, shi ne ma ya kai karon da kansa a sunkuye a wasansu da Army, wuyansa ya karye, har yau a keken guragu yake. Dokar tana kare mai dukan kamar yadda take kare wanda aka daka. In za a yi kuskure, gara a yi shi ta wajen kora.

Bala_Columbus: Allah ya ƙara masa lafiya Hajiya. Ai bakinmu ɗaya a kan na jiya, ke ma kina ganin ya kamata a kama.

Maman_Khalifa: A na jiya bakinmu ɗaya. A na Shaun Wade kuma ba ɗaya ba ne, don shi da tsakiyar hula ya shiga, kuma kai kake cewa zalunci ne. Ba ka son dokar sai ranar da ta yi maka aiki.

Baba_Zango_Bronx: Hajiya, Allah ya yi miki albarka. Ki ƙara masa.

Rafali_Houston: Hajiya ta yi gaskiya a kan Wade, kashi na farko ne, kuma a wannan kashin ba ruwan doka da ko Lawrence ya duƙa. Abin da muke faɗa wa yara kullum shi ne ka ga abin da za ka buga, in idonka na kallon ciyawa to ka riga ka yi kuskure. Kuma wasan ya sauya. Dokar ta shigo a 2008 da yadi 15 kawai, 'yan wasa ba su damu ba. Da aka ƙara kora a 2013 ne kociyoyi suka fara koyar da kamu da kafaɗa da gaske. Irin tsallen da ake yi wa mai cafka a tsakiyar fili a da, har a riƙa nuna shi a talabijin ana tafi, yanzu da wuya ka gan shi.

Amma Bala yana da hujja ta wani gefen. Alƙalan nan ba na NCAA ba ne kai tsaye, kowane rukunin jami'o'i da nasa. Na jiya 'yan Big Ten ne, na wasan Clemson 'yan SEC ne, na Baba a 2003 'yan Big 12 ne. Littafi ɗaya ne, akwai kuma mai kula da alƙalanci na ƙasa, Steve Shaw, amma wanda yake duba aikinka duk mako ya ba ka maki shugaban alƙalan rukuninku ne, kuma kowane da inda yake matsawa. Sannan ba shi ne sana'arsu ba. Lauya ne ko malamin makaranta ko mai sayar da inshora, ranar Asabar ya sa riga mai zane ya tsaya gaban mutum dubu tamanin.

Dan_Fagge: Tsaya Malam. Wasan da ake biyan koci miliyoyin daloli a shekara, alƙalinsa ɗan wucin gadi ne?

Rafali_Houston: Ƙwarai kuwa. Su takwas ne a fili a manyan wasanni, ga na ɗakin bidiyo.

Dan_Damagaram: To in an tabbatar alƙali ya yi kuskure, ba a sake wasan? Mu dai mun ga FIFA ta sa an sake wasan Afirka ta Kudu da Senegal na 2016, wanda Joseph Lamptey ɗan Gana ya ba da fenareti a kan ƙwallon da ta bugi Koulibaly a gwiwa. An kore shi har abada, aka sake wasa a 2017, Senegal ta ci.

Kabiru_Zoo_Road: Wancan an same shi da murɗe wasa ne, ba kuskure ba. Na kuskure ai ka ga Janny Sikazwe a Kamaru a 2022, Mali da Tunusiya, ya tashi wasa a minti na 85, aka dawo, ya sake tashi kafin 90 ta cika. Tunusiya ta kai ƙara, aka bar wa Mali nasararta.

Baba_Zango_Bronx: A nan ma haka ne, in alƙali ya ce an tashi, an tashi. Mafi girma shi ne na 1990, Colorado da Missouri. Dama huɗu doka ta ba kowa, Colorado ta samu biyar. Suna bakin layi, agogo na ƙarewa. Charles Johnson ya buga ƙwallo a ƙasa don tsayar da agogo, ɗaya. Eric Bieniemy ya ruga aka tare shi, biyu. Suka nemi hutu, mai riƙe da allon ƙirga bai juya lamba ba. Bieniemy ya sake rugawa aka tare shi, uku, allo yana nuna biyu. Johnson ya sake bugawa a ƙasa, huɗu, nan ya kamata a miƙa wa Missouri ƙwallo. Sai ya ɗauka a ta biyar ya kutsa, 33 da 31. Mutum bakwai masu riga mai zane, ba wanda ya iya ƙirga zuwa huɗu. An dakatar da su, sakamako ya tsaya, kuma a ƙarshen kakar Colorado ta raba kambun ƙasa da Georgia Tech. Abin da ya sa tsofaffi suke jin haushi, a 1940 irin wannan ta faru tsakanin Cornell da Dartmouth. Cornell ta ci 7 da 3 da dama ta biyar, da aka wanke fim aka gani sai suka buga wa Dartmouth waya suka ce nasarar taku ce, aka rubuta 3 da nema. Yau wa zai yi haka?

Sani_Atlanta: Ba wanda zai yi, Baba. Miami ɗinka ma ba ta mayar wa Duke ba a 2015. Jifa takwas baya-baya a bugun ƙarshe, gwiwar Mark Walton ta taɓa ƙasa ƙwallo na hannunsa, aka duba bidiyo kusan minti tara aka ce ci ne. Rukuninsu na ACC ya dakatar da alƙalan wasa biyu, ya lissafa kurakuransu, Miami ta riƙe 30 da 27 ɗinta.

Baba_Zango_Bronx: Wannan ramuwar 2003 ce, kuma ba ta kai rabi ba.

Ummi_Austin: Abin da na lura, bidiyo bai rage rigima ba. Yawancin misalan da kuka kawo daga 2015 zuwa yau da bidiyo aka yi su. In ka rage gudun hoto sosai, kowane kamu sai ya zama kamar da gangan, alhali a fili abin bai kai ƙiftawar ido ba.

Kabiru_Zoo_Road: Mu 'yan Liverpool ba sai an gaya mana ba. Ƙwallon Luis Díaz a gidan Tottenham a 2023, mai VAR ya ga ci ne, ya zaci alƙali ma ci ya bayar, ya ce an gama dubawa. Aƙalla su sun saki muryar kowa ya ji yadda aka yi shirmen. Na jiya wa ya ji abin da aka faɗa a ɗakin?

Rafali_Houston: Ba wanda ya ji, kuma da za a tambaye ni gyara ɗaya, shi zan zaɓa kafin ma mataki biyun. Alƙali ya kunna makirufo ya ce babu tagetin, ya kashe. Da ya ƙara jimla ɗaya, ya ce mai tsaron bai yi tsalle ba kuma bai sa tsakiyar hula ba, da rabin muhawarar nan ba a yi ta ba. NCAA tana iya sauri in ta ga dama. Kenny Pickett na Pittsburgh ya yi kamar zai zame a Disamba 2021, masu tsaro suka janye don kar a kama su da laifi, ya miƙe ya ruga yadi 58, cikin mako aka hana. A Oktoban nan Oregon ta sa mutum 12 a fili da Ohio State saura daƙiƙa 10, ta karɓi hukuncin yadi 5 ta cinye daƙiƙa huɗu, cikin kwanaki aka toshe ƙofar. Tagetin ne dai ake ta yi wa faci tun 2013.

Bala_Columbus: Kar ka tuna min da mutum 12 ɗin nan Malam, ko da yake jiya mun rama a Rose Bowl, 41 da 21. Yanzu nake ganin shugaban Big 12, Brett Yormark, ya fitar da sanarwa yana neman a samu ma'auni ɗaya na alƙalanci a wasannin kofin ƙasa. Maganata ke nan tun farko.

Maman_Khalifa: Maganarka tun farko fashi ka ce. Shi kuma Yormark ƙungiyarsa ce aka cire, da Texas aka yi wa haka da ba ka ji bakinsa ba.

Dan_Fagge: Na koma na kalli karon bayan bayanin Malam Rafali. A gudunsa na gaskiya sai na ga kamu ne kawai. A hankali kuma sai na ga kan yaron ya yi baya kamar zai cire. Yanzu na fi ɗazu rikicewa. Cam Skattebo na Arizona State dai ya burge ni, mutumin da ya yi amai a gefen fili ya dawo ya ruga, ya cafe, har ya jefa ƙwallon ci. An ce shi aka ba gwarzon masu kai hari duk da an ci su.

Sani_Atlanta: Shi aka ba. Suna baya 24 da 8 a zangon ƙarshe, shi ya ɗauko su a kafaɗa.

Ummi_Austin: Yaya Bala, ranar 10 ga wata a Cotton Bowl, mu da ku. Taaffe zai buga tun daga farko. Ka fara shirya ƙorafinka tun yanzu.

Bala_Columbus: Shi ne ai abin haushin, da an kama shi da rabin farko a benci zai yi, ko da kun tsallake. Malam Rafali, 'yan wane rukuni ne za su busa mana?

Rafali_Houston: Ba Big Ten ba, ba SEC ba, tunda ku da su ne a fili. Sauran sai an sanar.

Baba_Zango_Bronx: Allah ya sa 'yan Big 12 ne, su biya bashin Arizona State da na Miami a dare ɗaya.